Kaftanin Baba Bai Shiga Ba

"Na ce ba za a tsaga ba!"

"Sista, bai shiga ba. Da idona na gani."

"To koma ka sake gani."

Shekari ya ajiye ledar a kan teburin yanka. Yayarsa Edith tana zaune bayan keken ɗinki, a shagonta na bakin titin Gonin Gora, tana kallonsa kamar shi ya kawo mutuwar. A waje tireloli na wucewa, ƙofar langalanga na rawa.

Kwana tara ke nan da rasuwar mahaifinsu. Gobe da sassafe mota za ta ɗauki akwatin gawar zuwa Zonkwa. Kaftanin da ke cikin ledar, shadda ruwan toka, Edith ce ta ɗinka wa Baba domin godiyar kaka a coci. Ba ta auna shi ba, don awonsa a kanta yake tun tana koyon aiki. Kafin ranar ta zo ciwon ƙoda ya kwantar da shi, jiki ya kumbura. Bai taɓa sa rigar ba.

"Oga Monday na mutuware ya ce haka suke wa kowa," in ji Shekari. "Har kwat. A tsaga baya, a cusa gefe. In an kwantar ba mai gani."

"Ni zan gani."

"Ba za ki gani ba."

"Kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkawa, yau kai ne tela? Mutumin da ya yi shekara talatin yana zuwa kamfani a Kudenda, bai taɓa fita da riga ba guga ba, shi za a kai baya a buɗe kamar mai rigar asibiti?"

 Tun ranar da aka rufe fuskar Baba, Shekari bai yi kuka ba, bai kuma ji yana zuwa ba. Aike kawai yake zuwa. A ce kujeru, ya tafi. A ce fasto, ya tafi. Ɗazun ma shi ya riƙe kafaɗar Baba, sanyi ƙarara, Monday yana jan riga, ta zo ƙirji ta tsaya. Abin da ya ji kawai yunwa ce.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani dogon bandeji mai ƙulli ɗaya. Ya san halin yayarsa, shi ya sa ya roƙi Monday ya zagaya cikin Baba da shi.

"Ga faɗinsa. Zuwa ƙullin nan."

Edith ta daɗe kafin ta karɓa. Ta shimfiɗa shi, ta ɗora tef. Hamsin da biyu. Rigar arba'in da huɗu ce. Ta juya kaftanin ta duba ɗinkin gefe. Abin da ta bari a ciki bai kai yatsa ba. Ta zazzage buhun ƙyallaye a ƙasa, ta tona har gindi. Atamfa, leshi, yadin makaranta. Ruwan toka ko tafin hannu babu.

Sai ta ɗago ta tsaya kallon ƙirjin Shekari.

Ya duba kansa. Shadda ɗaya ta yanka musu, uba da ɗa, su yi anko ranar. Tasa ce a jikinsa. Ya cire ya miƙa mata, ya zauna a benci da singileti.

"Me za ka sa gobe?"

"Riga."

Ta ba shi reza ya farke gefen kaftanin Baba, daga ƙasa har hammata, har cikin hannu. Ɗinkinta ƙanana ne, masu taurin kai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana tsince zare. Ita kuma ta kwantar da tasa rigar, almakashi ya ratsa bayanta, ta fitar da dogayen ƙyallaye biyu. Keke ya kama ƙara. Wata mata ta leƙo da zani a hannu, ta ga fuskokinsu, ta ce sannunku, ta juya.

Da aka yi guga sai bambancin ya fito. Rigar Shekari ta sha wanki, ta ɗan koɗe. Layi biyu masu haske a gefe da gefe. Edith ta kalla, ta ninke, ta sa a leda.

Tare suka hau Keke Napep zuwa Kakuri, shi sanye da wata tsohuwar riga da mai ita bai zo karɓa ba. A ƙofar mutuware ta ja ta tsaya.

"Shiga kai."

Monday ya ɗaga kaftanin ya girgiza kai. "Madam tela ta yi wahala o. Kama min nan."

Shekari ya kama. Rigar ta wuce kai, ta wuce ƙirji, ta sauka har gwiwa. Monday ya ja wuyan ya sa maɓalli. Baba ya kwanta tsaf, kamar safiyar Lahadi. Shekari ya jira ya ji wani abu. Injin sanyi na ta gurnani.

Ya fito. Edith na jingine da bango, tef har yanzu a wuyanta.

"Ya shiga," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Monday ya fito bayansa yana cire safar hannu. Ta dube shi, ta dubi ƙaninta.

"Bai matse shi a hammata ba ko?"