Kati Mai Lamba 412

Yakaka ce ta fara dariya, har da dafa tebur. Wai wani direban tirela ne ya kira ɗakin gwajin jininmu yana ta faɗa, ya buɗe sakamakonsa a waya ya tarar an ce yana da ciki.

Ni ban yi dariya ba. Ni na gina shafin intanet ɗin da mutane ke duba sakamako, kuma da safiyar ranar, Alhamis, na ɗora masa sabon gyara.

Sunana Nkechi. A Sabon Gari aka haife ni, Hausar bakina ta fi Ibon bakina, abin da mahaifiyata ba ta gajiya da yi mini gori a kai. Shi ya sa da mai ɗakin gwajin, Dakta Chimezie, ya ce a yi wa shafin Hausa, na ce ya bar mini. Yakaka, wadda ke karɓar mutane a kanta, ita ta taya ni fassara. Mun yi mako biyu muna musu a kan kalmomi, ban ware ko awa ɗaya na duba hanyoyin shafin ba.

Ga yadda abin yake. Duk adireshin intanet ɗin da mutum ya taɓa a waya, manhaja tana bin jerin hanyoyi ne ta ga wanda ya dace, sai ta miƙa shi wurin da zai haɗa shafin. Tsohon adireshinmu yana ƙarewa da lambar katin mutum. A sabon tsari na sa alamar harshe a gaba, na kuma mai da ƙarshen ya zama lambar gwaji, don mai kati ɗaya yakan yi gwaji goma. Sai na rubuta layi ɗaya mai kama duk tsohon adireshi ya tura shi sabon na Hausa, da lambarsa yadda take. Saƙon tes da muke aika wa mutane kuwa na manta da shi sarai, yana nan yana raba tsohon adireshi. Wato mai kati na ɗari zai buɗe gwaji na ɗari, na wani can da ya zo tun bara.

Da akwai suna a shafin, da kowa ya gane. Amma Yakaka ta ce mini, "Kechi, mutanenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Miji ya riƙe, ɗa ya riƙe, mai caji ya riƙe. Cire sunan, ki rufa wa mata asiri." Na ga gaskiyarta, na cire. Har na yaba wa kaina.

Ƙarfe biyar da kwata na rufe shafin. Na duba rajistar masu shiga: mutum bakwai suka buɗe tun safe. Muka raba lambobin waya ni da Yakaka. Shida suka ɗauka, biyu suka zage mu, kuma sun yi daidai. Na bakwai wayarsa a kashe. Kati mai lamba 412, Ilu Tela, shekara sittin da takwas. Jiri ya kawo shi, gwajinsa na gaskiya ya nuna sukarinsa lafiya lau, jini ne ya ɗan yi ƙasa. Abin da ya gani a waya kuwa sukari ne da ya haura ɗari huɗu, da jan rubutu.

"Ai zai je wurin likita, likita ya sake gwadawa," na ce, don in kwantar wa kaina da hankali.

Yakaka ta daina dariya tuni. "Wane likita? Kemis zai kai wayar, mai kemis ya duba ya ba shi magani. Kin san haka."

Na sani. Na kira Dakta Chimezie na faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan tsorata ni. Ya ce maganin da masu kemis suka fi bayarwa, idan mai lafiya ya sha, musamman tsoho, sukarinsa zai yi ta sauka har ya suma, wani ba ya farkawa. Ya ce in nemo shi.

Adireshin da ke katin: Fagge, layin teloli, kusa da mai niƙa. Fagge kuwa kowane layi na teloli ne. Na tare adaidaita, muka kutsa cikin cunkoson mahaɗar Bata, motocin atamfa sun toshe ko'ina, kowa na danna oda kamar ita za ta buɗe hanya. Na sauka na ci gaba da ƙafa. Na tambayi shago huɗu kafin wani tela mai zare a baki ya ce, "Baba Ilu? Ga shagonsa can a rufe. Yau da wuri ya tashi, Allah sarki, an gano masa ciwon suga. Tare muka je kemis, ƙwaya biyu aka ce ya riƙa sha."

"Ya sha?"

"Haba, ai yana azumi. Litinin da Alhamis ba sa wuce shi. Sai an sha ruwa."

Na dubi waya: shida da minti biyar. Na tambayi gidansa, ya ce unguwar Kwaciri, ya kwatanta mini da wata bishiyar darbejiya da gida mai ƙofa shuɗiya. Na nemi ya raka ni, ya ce yana da ɗinkin biki. Allah ya sani, na so in kifar masa da keken.

Ban taɓa tsoron faɗuwar rana ba sai ranar. Ina cikin adaidaita ina kallon hasken yana ja, ina addu'a da duk harshen da ya zo bakina. Na tuna fuskar mutumin, ashe na san shi: shi ne tsohon da ya ce wa Yakaka ta yi a hankali da allura don hannun nan ne ke ciyar da mutum tara, alhali ba ita ke ɗibar jinin ba. Muna shiga Kwaciri ladan na farko ya ɗaga murya. Darbejiya uku na gani, ƙofa shuɗiya biyu. Na buga ta farko, ba nan ba ne.

A gida na biyu ban tsaya sallama ba, na faɗa ciki da takalmina. Yana zaune a tabarma a tsakar gida, kofin ruwa a gabansa, matarsa na tsugune tana zuba kunu. Na hango takardar maganin a gefen ƙafarsa. Gurbin ƙwaya biyu a fashe.

"Baba, ka sha?"

Ya dube ni cikin mamaki. "Yanzun nan, 'yata. Lafiya? Daga ina?"

"Daga wurin gwajin jini. Sakamakon ba naka ba ne, Baba. Ba ka da ciwon suga. Inna, a kawo sukari, a kawo dabino, duk abin da ke da zaƙi!"

Matar ta miƙe, ludayi a hannu. "Sukari? Ai tun azahar na kwashe na gidan nan kaf na raba wa maƙwabta, har zumar da aka kawo masa daga ƙauye. Kunun ma salam na dama. Dabinon ya ce a ɗauke daga gabansa."

Wato tun asuba babu komai a cikinsa sai ruwa da ƙwaya biyu. Na fita da gudu zuwa shagon bakin layi, mai shagon na shirin tafiya masallaci, na fizgo lemon kwalba biyu na jefa masa kuɗin da ke hannuna. Baba Ilu ya ƙi sha da farko. Yini guda ana gaya masa zaƙi ne zai kashe shi, ga wata baƙuwa ko mayafi babu tana tura masa kwalba a baki. Sai da na sa Dakta Chimezie a waya ya yi masa bayani, sannan ya yi bisimilla ya kurɓa. Dakta ya ce lemo ba zai isa ba, maganin yana daɗewa a jiki, a kai shi asibiti yanzu.

Ya ce sai ya yi magariba. Na tsaya a kansa ina ƙirga raka'o'in, duk sujadar da ya yi sai na ga kamar ba zai ɗago ba.

A adaidaita muka sa shi a tsakiya, ni da Inna. Kafin mu fita titi gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, yatsunsa suka yi sanyi cikin nawa. Ina ta ba shi lemo, ina ta ba shi haƙuri, ina gaya masa ni ce na yi kuskuren, ni kaɗai, don in zai yi Allah ya isa ya san inda zai aika ta. Kwana biyu ya yi a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa, ya tashi. Amma a lokacin ban san zai tashi ba.

Bai yi Allah ya isa ba. Ya jingina kansa da ƙarfen adaidaitar, ya yi magana a hankali har sai da na kai kunnena.

"Na fa duba, 'yata. Sau uku na sa aka duba mini, sama da ƙasa, ko za a ga sunana. Da ba a gani ba sai na ce wa Inna, kin ga mutanen kirki, ciwon ya yi tsanani shi ya sa suka rufa mini asiri."