Motar Baba Ba Ta Fita da Matacciyar Fitila

Ranar da likitan ido ya ce Baba ya ajiye tuƙi, ni na raka shi asibitin, shi kuma ya tuƙa mu. Likita ya nuna masa allon haruffa. Baba ya karanto layin farko da ƙarfin hali, na biyu da ƙarfin addu'a, na uku kuwa ƙirƙiro nasa ya yi. Likita ya ajiye biro ya ce, "Baba, gaskiya tuƙi ya ishe ka haka." Baba ya yi godiya har da sa albarka. Muna fitowa ya sa mai gadi ya nuna masa motar likitan, ya zagaya ta yana shafawa, sai hannunsa ya faɗa kan fitilar hagu, a fashe, an manne ta da salatif.

"Uwata, zo ki ga wanda zai koya mini zancen ido," in ji shi. "Motarsa ma ido ɗaya gare ta."

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi yana gyaran wayarin mota kafin ya bar wa yaransa garejin. Barin suna ne kawai, don kullum da safe sai ya tuƙa tsohuwar motarsa ya je ya zauna a kan benci yana kushe aikin kowa. A cikin wata biyu ya kwashe ginshiƙin ƙofar gidanmu, da durom ɗin ruwan maƙwabciya, da teburin mai sayar da lemo a bakin kwana. Ba wanda ya ji ciwo sai lemo. Amma hanyar garejin ta gaban makarantar firamare take bi, daidai lokacin da yara ke tsallake titi a guje, kuma wallahi duk safiya da faɗuwar gaba nake shiga ajin da nake koyarwa.

Yayanmu, wanda babu kamarsa wajen ba da shawara ta waya, ya ce a ɓoye makulli. Aka ɓoye. Mutumin da ya shekara arba'in yana tayar da motocin da masu su suka yar da makulli! Ya zaro waya biyu daga ƙarƙashin sitiyari, ya haɗa bakinsu, mota ta tashi, ya ɗaga wa Umma hannu ya fice.

Ni na tuna da dokarsa. Baba ba ya fita da mota in akwai fitila ɗaya da ta mutu, ko da rana tsaka ce, ko da 'yar ƙaramar nan ce ta saman lamba. A wurinsa fitila ce bakin mota, da ita take gaya wa na baya za ta tsaya, za ta juya, za ta ja da baya, kuma wanda ya fita da bebiyar mota ba direba ba ne, ɗan ta'adda ne. Shi ya sa tun kafin a haife ni, kullum da safe shi zai zauna a kujerar direba, Umma ta tsaya a bayan mota, yawanci da tsintsiya a hannu.

"Birki?"

"Ta kama."

"Hagu?"

"Tana ƙiftawa."

"Ribas?"

"Fara tas."

Sai ta zagayo gaba a duba manyan, dim da ful. Mutum ba ya ganin fitilar birkinsa da kansa, dole sai da na biyu, kuma na biyun Baba Umma ce.

Na same ta a kicin na ce abin ai mai sauƙi ne, gobe in ya ce birki, ta ce ba ta kama ba. Ta kalle ni sama da ƙasa. "Ni zan tsaya a bayan motar ubanki in zabga masa ƙarya da sassafe? Allah ya kiyaye." Ta ci gaba da wanke kofi, can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Amma in ta mutu da gaske, ai dole in faɗa."

To, ni malamar lissafi ce, amma a gidan mai wayarin na tashi, kuma karatun nan na sha shi har ya ishe ni. Wuta tana tashi daga batir, ta bi ta fis, ta tsaya a makunni sai an buɗe mata, ta shiga ƙwan fitila ta haska shi, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Ko'ina ka yanke mata hanya, duhu. Fis kuwa Baba yana kiransa mai gadi, ɗan siririn ƙarfe ne da aka ajiye don ya ƙone a madadin manya in wuta ta yi yawa. Da shi na fara.

Da la'asar, yana barci, na zare fis ɗin birki na sa ƙonanne. Washegari na biyo ta gidan kafin in wuce makaranta, wai na zo gaisuwa. Umma ta ce, "Ba ta kama ba, Malam," da muryar mai gaskiya. Baba ya sunkuya, ya buɗe akwatin fis, yatsunsa suka bi layi suna ƙirgawa, ya zare na huɗu ya jefar, ya ɗauko wani daga aljihun riga. Wane irin mutum ne ke yawo da fis a aljihu kamar alawa? Minti huɗu, na duba agogo.

Bayan kwana biyu na canja ƙwan sigina na baya da matacce. Wannan ko bakin Umma bai jira ba. Yana tura sandar sigina ta fara ƙas-ƙas-ƙas da sauri kamar an biyo ta, sai ya ce, "Ƙwan dama ya mutu. Gaba ko baya?" Ya juyo wajena yana murmushi ya yi mini bita kyauta: abin da ke sa sigina ƙiftawa ya san nauyin ƙwai biyu, in ɗaya ya mutu kaya ya yi masa sauƙi, sai ya kama gudu. Na ce ikon Allah, Baba, ashe haka ne. Abin da na ce a raina kuwa ba zai faɗu ba.

Na uku na hau mataki. Manyan fitilun gaba suna jan wuta da yawa, makunnin da ke jikin sitiyari ba zai iya ɗauka ba, sai ya aiki wani ɗan baƙin akwati mai suna rile ya buɗe musu babbar hanya. Na je kasuwar kayan mota na ce a ba ni mataccen rile. Mai shagon ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai neman matacce ba, ya caje ni kuɗin mai rai. Da safe Baba ya kunna, ya kasa kunne, bai ji ɗan ƙas ɗin da rile ke yi ba. Ya buɗe bonet, ya zare na hon, wanda iri ɗaya ne da shi, ya musanya su. Fitilu suka kama, hon ya mutu.

"Malam, ai yanzu ba ka da hon," in ji Umma.

"Hon ba fitila ba ne."

Haka ya fita ranar, ba ido, ba hon, da taimakona. Na kira Yaya ina kuka, ya ce in kwantar da hankalina zai yi tunani.

Haushi ya sa na yi abin da na san shi ne mugun ciwo a sana'ar. A cikin but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota, bayan fitilar hagu, akwai wata baƙar waya da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe, ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma. Na kwance ta, na liƙa salatif a ƙarƙashin, na mayar na ɗaure tamau. A ido lafiya lau. Amma wutar da ta rasa hanyarta ba ta haƙura, sai ta kutsa ta gidan maƙwabta. Da safe Baba ya taka birki ya sa sigina, motar nan ta haukace: birki na ƙiftawa, sigina ta yi ja-ja tana numfashi, fitilar lamba ma ta shiga rawar. Umma ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, ni dai ban san me zan ce maka ba. Duk sun kama, kuma ba wadda ta kama."

Kwana biyu motar ba ta fita ba. Na yi barci har da minshari. Abin da ban lissafa ba shi ne daɗin da zai ji. Ya sa aka fito masa da tsohon akwatin kayan aikinsa, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta a ƙarƙashin mota yana waƙa. Abokansa na gareji suka zo kallo, ana ta gardama ana shan shayi. Umma ta ce abincin da yake turewa yanzu har ƙari yake nema. "Kin mayar mini da shi saurayi," in ji ta, kuma ba godiya take yi ba.

Rana ta uku na tarar da shi a kan kujera, ɗan guntun salatif ɗina manne a goshin akwatin kayan aiki.

"Wanda ya yi aikin nan, a hannuna ya koya," ya ce. "Na yaba. Sai dai ya ɗaure notin ya fi na kamfani ƙarfi. Notin da ya shekara ashirin ba a taɓa ba, ka same shi ba tsatsa a baki? Haba, Uwata."

Kunya ta kama ni, haushi ya fi ta. Na ce, "Baba, yaran makarantar nan fa?"

"Na san hanyar nan tun ba a yi makarantar ba," ya ce. "Sai me kuma za ki kawo mana? Ki gwada makunnin ribas, yana jikin giya, sai kin shiga ƙasa."

Daga nan na sallama. Yaya ya bugo ya ce ya gama tunanin, a zuba gishiri a tankin mai. Na kashe wayar.

Ranar Asabar na je gidan ba da niyyar komai ba, ko sukundireba babu a jakata. Umma ta tafi duba ƙanwarta tun da wuri. Na tarar da Baba ya fito da mota tsakar gida, rana ta haske ta sosai, yana tsaye yana jiran na biyu.

"Yauwa. Shiga ki taka mini," ya ce. "Yau ni zan tsaya a baya. Hannuwanki a kan sitiyari, ban yarda da ke ba."

Na shiga. Ta madubi ina ganinsa, taku uku daga mota, hannu a ƙugu. Ya ce birki, na taka. Jan hasken ya faɗa a kan farar rigarsa, ina kallo.

"Taka mana."

"Na taka, Baba."

Ya yi dariya har da tafi. "Duka biyun! Kai, yarinyar nan. Kar ki ɗaga ƙafa, yanzu zan kamo ki."

Ya zagayo ya durƙusa a gefen ƙafata, ya canja fis, ya laluba ɗan makunnin da ke saman fedar birki, ya ja wayarsa ya ji ta daram. Ya koma baya ya duba, ya ce har yanzu babu. Yana ta zuba surutu, wai in baƙar wayar nan na sake taɓawa to na ba shi kunya, malami ba ya maimaita jarrabawa. Ban ɗaga ƙafa daga birkin ba. Ya buɗe but, na daina ganinsa, sai motsin hannunsa nake ji yana laluben bayan fitilar, ya murɗo mazaunin ƙwan.

"Wash!"

Na leƙa ta taga. Yana tsaye yana yarfa hannu, ya sa yatsu biyu a baki. Ƙwan na lilo a jikin wayarsa, yana ci bal-bal. Ya kamo shi ta gindi, ya ɗago shi a hankali har kusa da hancinsa, ya daɗe a haka. Baba ya fi kowa sanin mataccen ƙwai ba ya ƙuna.

"Ɗaga ƙafarki."

Na ɗaga.

"Taka."

Na taka.

"Ba ki taɓa komai ba," ya ce.

"Ban taɓa ba, Baba."

Ya mayar da ƙwan, ya ɗaure, ya rufe but a hankali. Na yi wata guda ina neman ranar nan, ga ta ta zo, kuma da za a ba ni zaɓi da na gwammace ya kama ni da salatif sau goma. Na sa hannu zan buɗe ƙofa in ba shi wuri, sai na ga ya bi ta ɗaya gefen. Ya laluba marfin ƙofar, ya shiga, ya zauna a kujerar da ban taɓa ganinsa a kai ba, gwiwoyinsa sun tokare gaba don daidai tsawon Umma aka ja ta.

"Kai ni gareji," ya ce. "Kuma ki share fuskarki, ba a tuƙi da majina."

Na tayar da mota. Kafin mu kai ƙofa ya gyara mini riƙon sitiyari, ya ce na cika ba da wuta, ya ce wanda ya ba ni lasisi Allah ya isa. A bakin titi na tsaya na sa sigina. Ya miƙa wuya ya duba dama, ya duba hagu, yadda ya saba.

"Shiga, hanya fes."

Ban motsa ba. Wata doguwar bas ta taho ta wuce ta gaban hancinmu, iskarta ta girgiza motar. Baba ya bi ƙararta da kunne har ta yi nisa, sannan ya jingina da kujera ya ɗora ƙonannun yatsunsa a kan cinya.

"To," ya ce. "In kin ga da hanya, ki shiga."