Kifin Farkon Shekara

Ranar da aka buɗe kamun kifi a bana, ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan duwatsunmu ba. Na sauka rafi da sandar ƙugiyata da gwangwanin tana, na tsaya a ruwan da ke yanka ƙafa har hantsi. Kifin nan namu mai jajayen ɗigo, turuta, wayo ne da shi kamar tsohon ɓarawo. Inuwarka ta faɗa ruwa, ka tashi a tutar babu. Amma na san dutsen da yake laɓewa. Na ciro guda, tsawon kamu ɗaya da rabi.

Sai murna ta koma ciki. A gidanmu ba a cin kifin farkon shekara mutum shi kaɗai, haka mahaifinmu ya bar mana. Shekara arba'in da matata Itto nake ci. Sanyin da ya wuce muka binne ta.

Na naɗe kifin a ɗanyar ciyawa na shiga gari, in har gida tara ya isa a kira shi gari. Ƙofar tsohuwa Rabha da kwaɗo, ɗanta ya ɗauke ta zuwa birni. Haddu makiyayi ya haura da tumaki. Liman kuwa sai Juma'a yake hawowa. Na tsaya a tsakiyar hanya riƙe da kifi kamar wani sakarai, kaɗaici ya kama ni har na ji kunyar kaina.

Hayaƙi ɗaya ke tashi, a tsallaken rafi, gidan yayana Bassu. Shekara goma sha ɗaya ba ma ga-maciji, a kan alfadarin gado. Alfadarin ma ya daɗe da mutuwa, mu ne dai muka ƙi hutawa. Na zagi kaina, na zagi alfadarin, na tsallaka.

'Yarsa Yamna ta buɗe. Ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓi kifin ta gasa da gishiri, ta kawo da gurasar sha'ir da shayi. A hankali ta gaya mini kan babanta ya juye tun kaka, wani lokaci ita ma ba ya gane ta.

Bassu na zaune a bakin murhu cikin bargo, ya rame. Ya yi mini maraba irin ta baƙo, ya sunkuya ya shinshina kifin, ya tambaya ko na farko ne. Na ce na farko ne.

"Yaya, ni ne Assu. Bismilla."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya. "Kai malam, ji tsoho da son yarinta. Assu ƙanena ne, gashinsa baƙi wuluk. Ga taurin kai kamar me, amma wajen ƙugiya ba a kama ƙafarsa."

Na yi rantsuwa, na faɗi sunan uwarmu, bai ko saurare ni ba. Ya ture kwanon.

"Kada ka ji haushi, baƙo. An ce matarsa ta rasu, yana can shi kaɗai. Ba zan ci in bar shi ba. Yamna, ƙunsa masa. In hanyarka ce, ka miƙa wa Assu, ka ce ya samu wanda za su ci tare."

Yamna ta ƙunsa tana kallon ƙasa. Na karɓa, na yi alkawarin zan kai.

Kafin in tsallake rafin, kifin ya huce.