Ƙwallon da Wendell Bai Kama Ba

A cikin duk waɗanda suka taɓa tsaron raga a garin Harlan Falls, babu kamar Wendell Prochaska. Mu da muka buga ƙwallo a zamanin da kulob yakan rushe kana cikin mota a hanyar zuwa wasa, mu ne muka isa mu faɗi haka, don mun ga gololi iri-iri, wasu ma da mu aka binne su. Wendell dogo ne, tafin hannunsa kamar murfin tukunya, ya karya yatsu har zoben aurensa ya daina shiga, sai dai ya rataya shi a wuya. Shekararsa talatin da uku, shi ya sa abokan wasansa suke kiransa Tsoho.

Mutanen gari suna ganin manyan taurari a talabijin, sai su ɗauka duk mai saka rigar kulob a cikin daloli yake kwana. Ba haka ba ne a rukuni na biyu. Kulob yana biya daga Maris zuwa Oktoba, daga nan a rufe famfo, albashi da inshorar lafiya su mutu rana ɗaya. Idan sanyi ya shigo, Wendell yakan hau motar Rogelio, yayan matarsa, su bi gida-gida suna ture dusar ƙanƙara. Mutumin da ya roƙe shi ya sa masa hannu a riga ranar Asabar, shi ne zai leƙo ta taga a watan Janairu yana ce masa ya bar ƙanƙara a bakin gareji.

A shekarar da ake magana, matarsa Marisol tana da ciki, kuma likita ya ce a Janairu za ta haihu. Kowa ya san abin da haihuwa ba inshora take yi wa gida. Marisol tana aikin gyaran gashi a shagon wata, babu inshora a wurin, ta Wendell ce kawai, ita kuma ranar wasan ƙarshe za ta ƙare.

Ƙungiyar 'yan wasa ta gaji da zama da masu kulob ana shan kofi ana watsewa. Abu biyu suke nema: albashin da mutum zai rayu a kai, da inshora ta shekara cur. Sai suka yanke cewa ranar Asabar ɗin ƙarshe, a kowane fili, da alƙalin wasa ya hura usur, kowa ya tsaya inda yake minti ɗaya. Babu gudu, babu taɓa ƙwallo, a bar kyamarori su ɗauka. Kyaftin Efrain Zuniga, gajere mai murya kamar injin niƙa, ya hau benci a ɗakin canja kaya ya ce masu kulob ba sa bukatar mutum goma su karya alkawari, ɗaya ya ishe su. In aka samu hoton mutum ɗaya yana motsi, gobe za su ce ai ba kowa ke kuka ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Da ya zo kan Wendell ya yi dariya.

"Kai Tsoho ba sai na tambaye ka ba. Shekara nawa ana biyanka don ka tsaya wuri ɗaya kamar turken lantarki? Yau dai aikinka za mu taya ka."

Aka kwashe da dariya. Wendell ya ce in an gama mintin kada a manta a tashi Efrain, don shi ko ana wasa barci yake yi. Ya ba shi hannu.

Ranar Alhamis manajan kulob, Mista Garrity, ya kira shi ofis. Garrity ba mugu ba ne, mutum ne mai murmushi da kwalbar alewa a kan tebur, kuma shi ma yana da wanda yake tsoro a sama. Ya tambayi lafiyar Marisol. Ya ce kulob yana son ya ɗauki Wendell na shekara cur, ya ci gaba da tsaron raga, ya kuma riƙa horar da gololin matasa, da inshora har da iyali. Litinin za a sa hannu. Wendell ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Sai Garrity ya ce mai kulob zai zo kallo ranar Asabar, kuma ba zai ba da irin wannan kujera ga wanda ya kunyata shi a filinsa ba.

"Yallaɓai, na riga na ba Efrain hannu."

"Ni ban ce ka yi gudu ba, Wendell. Gola ne kai. Ana take wasa ai a tsaye kake, ko da zanga-zanga ko babu. Wa zai bambance? Abu ɗaya nake so in gaya wa mai kulob: in ƙwallo ta zo, golanmu zai yi aikinsa."

Wendell ya juya maganar a ransa. Ƙwallo tana tsakiyar fili, mutum ashirin da biyu sun rantse ba za su taɓa ta ba, ta ina za ta zo? Ya ce in ta zo zai kama. Ya fito da alewa a baki yana jin duk garin babu mai wayonsa, ya sayar da abu ɗaya ga mutum biyu kuma kowa zai tafi da nasa.

Da ya gaya wa Marisol tana tsaye tana soya ƙwai. Ba ta yi murnar da ya zata ba. Ta tambaye shi in ƙwallon ta zo fa. Ya ce ba za ta zo ba, shi ya san ƙwallo fiye da yadda ta san almakashi. Ta ce to, ita dai ba za ta zaɓar masa ba, amma ya sani ɗan nan ba zai jira masu kulob su gama shan kofinsu ba. Ta juya ƙwan ta ƙara da cewa kuma shi ne zai riƙa haɗuwa da Efrain a kasuwa har tsufa.

Asabar ta zo da yayyafi tun safe. Filin ya cika, don in suka yi ko da canjaras ne za su shiga zagayen fitar da gwani, abin da garin ya daɗe bai gani ba. In kuwa suka shiga, albashi da inshora za su ƙara 'yan makonni ga kowa. Baƙi su ma nasara suke nema, amma kyaftin ɗinsu ya rungumi Efrain a bakin fili ya ce maganar tana nan. Su ne za su take wasa.

Abin da babu wanda ya lura da shi, baƙin sun zo da sabon ɗan wasan gaba, Tavion Bledsoe, wanda wani babban kulob ya ba su aro a makon. Bai zauna taron ƙungiya ba. An dai ce masa ya ɗan taɓa ƙwallon don a ce an take wasa, ya tsaya, ba za a buga ba. Shi kuwa tun yana ƙarami abin da aka koya masa shi ne, in an tsayar da wasa don mutunci, ladabi shi ne ka buga wa golan abokan hamayya ƙwallon ya riƙe. Kowane ɗan ƙwallo mai tarbiyya haka ya tashi.

Alƙali ya hura usur. Tavion ya ja baya, ya ɗaga ƙwallon sama da kyau, ya ɗaga wa Wendell hannu alamar ga ta nan, sannan ya maida hannuwansa baya ya tsaya cak.

Wendell ya ga ta taso. Tun tana sama ya san inda za ta sauka, wannan ilimin yana cikin ƙashinsa. Ta dira bayan masu tsaron baya, jiƙaƙƙiyar ciyawa ta ƙara mata gudu, ta yi tsalle biyu, ta kwanta tana gangarowa. Ba tsakiya ta nufa ba. Da tsakiya ta nufo da ta bugi ƙafarsa ta tsaya, kowa ya ce ikon Allah. Gefen damansa ta nufa, tsakaninsa da turke, inda taku ɗaya da sunkuyawa za su wadatar. Jariri ma zai tare ta.

Filin ya yi tsit, har ana jin yayyafi a kan kwanon rumfa. Mutum goma na gabansa babu wanda ya motsa, amma wuyansu duk ya juyo. Efrain yana kallonsa, bai ko girgiza kai ba. Can sama a bayan gilashi Garrity ya miƙe tsaye kusa da mai kulob, wani mai farin gashi. Mai kyamarar da ke bayan raga ya durƙusa ya saita. Wendell ya san Marisol tana layi na uku da bargo a cinya, bai yarda ya duba wajen ba.

Hannunsa na dama ya fara buɗewa da kansa. Shekara ashirin yana koya wa hannun nan kada ya jira izini, yau kuma shi ne yake roƙonsa. Ya ji gwiwarsa tana son lanƙwasawa. Ya tuna ɗakin haihuwa, ya tuna Litinin. Kuma in ya kama, wa zai zarge shi a fili? Gola ya kama ƙwallo, ya ceci kulob. Sai dai hoton zai fita kafin magariba: mutum ashirin da ɗaya a tsaye, ɗaya a sunkuye. Wani daga cikin 'yan kallo ya kasa daurewa ya ce, "Tsoho, ɗauke ta mana." Wasu suka kama, murya ta fara tashi.

Wendell ya kai hannuwansa biyu baya, ya kama na dama da na hagu ya matse, har karyayyun yatsun suka yi ƙara.

Ƙwallon ta wuce shi a hankali kamar mai neman gafara. Ta haye farin layi, ta taɓa raga, ta kwanta.

Alƙali ya tsaya yana dube-dube, sannan ya nuna tsakiyar fili, don doka ba ta san zanga-zanga ba. 'Yan kallo suka yi ihu, wani ya jefo kofin giya ya fashe a bayan raga. Tavion ya dafe kai da hannu biyu, sai yanzu ya gane abin da ya yi. Duk da haka babu wanda ya ɗaga ƙafa sai da Efrain ya duba agogon fili ya tafa hannu. Da Wendell ya ɗaga ido sama, bayan gilashin babu kowa.

Kocin baƙi ya yi ta daka wa yaransa tsawa su koma su tsare gida, ci ai ci ne. Kyaftin ɗinsu ya yi kamar bai ji ba. Da aka sake takewa baƙin suka dare gefe, golansu ya jingina da turke ya harɗe hannu, Efrain ya tafi da ƙwallon a ƙafa kamar mai raka tsohuwa, ya ajiye ta a raga. Ɗaya da ɗaya. Daga nan aka yi wasa na gaske, kuma duk wanda ya ce maka ya taɓa ganin tsaron raga irin na ranar, ƙarya yake yi. Wendell ya tare da hannu, ya tare da ƙafa, ya tare da fuska har leɓensa ya fashe. Tavion kaɗai ya buga masa guda huɗu masu zafi, ya fitar. Ana dab da tashi aka yi bugun kusurwa, ƙwallo ta bugi cinyar ɗan bayansa ta shige. Biyu da ɗaya. Kakar wasa ta ƙare, famfo ya rufe.

Suka koma ɗakin canja kaya. Efrain ya zo ya zauna kusa da Wendell yana kwance igiyar takalmi. Ashe labarin ofis ya riga ya zaga, don a kulob babu abin da yake ɓoyuwa. Ya ce tun Alhamis ya sani, kuma da ya ga ƙwallon ta taso ya riga ya fara shirya abin da zai gaya wa 'yan jarida.

"Me ya sa ba ka tare ni da maganar ba?"

"In ce maka me, Tsoho? Ni ba ni da mai ciki a gida."

Ranar Litinin Wendell ya je ofis duk da haka. Garrity bai ɓoye masa ba, ya ce kujerar horarwa an fasa, kwantiraginsa ma ba za a sabunta ba, kulob yana son matashi. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma wataƙila gaskiya ne. Ya tura masa kwalbar alewa, Wendell bai ɗauka ba. A ƙofar ɗakin canja kaya aka miƙa masa baƙar ledar shara, irin wadda ake ba kowa ya kwashe kayansa a ƙarshen kaka.

Marisol tana jiransa a mota. Ta kalli ledar, ta kalli leɓensa. Ta ce ta riga ta yi magana da Rogelio tun daren Alhamis. Akwai wani ɗakin ajiyar kaya a bakin babbar hanya da yake ɗaukar masu lodi, suna ba da inshora bayan wata biyu, in ya fara a makon nan za ta kama kafin Janairu, in dai ɗan bai yi gaggawa ba. Wendell ya ce ashe tun Alhamis ta san ƙwallon za ta zo.

"Ban san ƙwallo ba, Wen. Kai na sani."

Hoton ya zaga ƙasa: dogon gola da hannuwa a baya, ƙwallo tana wuce takalminsa. A bazara masu kulob suka ƙara inshorar zuwa ƙarshen Disamba, albashin kuwa suka ce a sake zama. Wendell bai ci moriyar ko ɗaya ba. Yana ɗakin ajiyar kaya yana cafe kwalayen da ake jefo masa daga bayan tirela, har yau ba a ji ya yar da ko ɗaya ba. Marisol ta haifi 'ya mace a sati na biyu na Janairu, inshorar tana da 'yan kwanaki da kamawa. Efrain ne ya fara zuwa asibitin, ya leƙa fuskarta, ya ce Allah ya sa hannun uban ta ɗauko ba wayonsa ba.