Tallafin da Aka Raba Bayan Juma'a

Sa'adiyya ta turo keken guragunta cikin rairayin Sabon Birni har ƙofar Malam Wada, Sarkin Guragu. Tallafin ɗalibai naƙasassu, wanda da shi za ta biya rajistar jami'a, wai Malam Wada kwamitin tallafin ya miƙa wa. Shi kuwa ya raba wa jama'arsa bayan sallar Juma'a, kamar yadda ake raba kowace sadaka.

"Baba, kuɗin karatuna kuka raba?"

"Ɗiyata, cewa aka yi na guragu ne. Ga kasonki nan, ban mance ki ba."

Abin da ya miƙo mata ko kuɗin mota zuwa Sakkwato bai kai ba.

"Ni bara na ce za ni yi?" in ji ta. "Jibi fa za a rufe rajista!"

Tsohon ya doka sandarsa a ƙasa.

"Wato a wurin 'yan kwamiti duk gurgu mabaraci ne?" Ya ƙwala wa ɗansa kira. "Muntaka, bi gida-gida, kowa ya maido abin da ya amsa! Abin da bai dawo ba, kwamiti zai cika shi, ko mu tare masu ƙofa."

Sa'adiyya ta juya kekenta. Ita ce a gaba, Muntaka na biye da ita zuwa gidan farko.