Hoton Cikin Tunkiyata

Barcin jiya sai ya kai ni mafarkin wani asibitin dabbobi, a garin da kowa ke shiga ɗaki ta taga. Ina janye da tunkiyata Kyalla, wadda ta haɗiye leda, kwana uku ko dusa ba ta taɓa ba.

Likitar jimina ce, sanye da farar riga. Ta sauko da wuyanta ta ce, "Inna Ladidi, sai mun ɗura mata farin ruwa, mu ƙara da na allura, sannan cikinta zai fito a hoto. Amma ki sani, in ta ƙware ruwan zai gangara huhu. Wasu jikinsu kan kumbura. Na allurar kuma yakan taɓa ƙoda."

"To, likita, a ina zan sa hannu?"

"Ai cikin ba naki ba ne. Ita za ta sa."

Kyalla ta karanta takardar tsaf, ta cinye. Likita ta ce an amince.

Ana gama ɗura mata ta fara kumbura. Ta tashi sama a hankali har ta tokari rufi, ni kuwa ina ƙasa riƙe da igiya. Sai ga ƙodojinta biyu sun fito, sun yafa gyale, sun zauna a benci.

Babbar ta ce, "Inna, an tara mana aiki, ko ruwa ba a ba mu ba. Mun ajiye."

Na ɗaga kai na ga idon Kyalla yana lumshewa. Tun tana 'yar kwana biyu nake rainonta. Na ruga wurin famfo. Famfon garin ba ya zuba sai an gaishe shi, don haka na durƙusa na tambayi gajiya, na tambayi iyali, sannan ya cika mini kwano.

Ƙodojin suka sha, suka yi hamdala, suka koma bakin aiki. Kyalla ta yi gyatsa mai tsawo ta sauko.

Da hoton ya fito, ga leda zaune ta harɗe. Ledar ta ce a sake ɗauka, wai ta ƙifta ido. Likita ta zura kai ta bakin Kyalla ta zaro ta. Ta dube ta jim kaɗan, sai ta haɗiye.

Ta miƙo mini mazurari ta ce, "Inna, yanzu ke za ki ɗura mini."

Ina neman yadda zan kai bakinta injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.