Takardar da Ba Sunan Boyet

Kansila Villaruel na tsaye a bakin gadon, yana gaya wa mai ɗaukar hoto ya matsa gefe saboda haske. Teofila ta bi kansilan da kallo kamar ta tofa masa yawu. Mace kwance tana jan numfashi da ƙyar, shi kuwa gyaran kwalar riga ya dame shi.

Aling Consorcia ce a kwance, wato Inna Consorcia, maƙwabciyar Teofila ta shekara talatin. Ɗanta Boyet ya faɗa buɗaɗɗen rami na magudanar ruwa ranar wata ambaliya, sai bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa a bakin kogi. Tun daga nan ta ajiye tallar soyayyiyar ayaba, ta tare a ƙofar majalisar gari da hotonsa. Shekara goma sha ɗaya tana wannan zarya kafin a yi dokar rufe ramukan. Kowa a unguwa, har masu keke-napep, Dokar Boyet yake ce mata.

To ga shi yau kansila ya kawo kwafinta cikin firam, wai kyauta. A bakin titi kuwa yaransa sun riga sun rataye ƙaton ƙyalle da fuskarsa, an rubuta Dokar Villaruel. Mutumin da ko gaisuwar mutuwar yaron bai zo ba!

Da suka fita, ɗakin ya rage daga warin turarensa sai ƙarar fanka. Consorcia ta lalubo hannun Teofila, ta kira ta yadda ta saba, Mare, wato aminiya.

"Mare, ke kika koyar da Turanci. Karanta mini inda suka sa sunansa."

Teofila ta zare takardar daga firam ta bi ta layi-layi. Doka mai lamba arba'in da bakwai. Sashe na ɗaya ya ce da lambar za a riƙa kiranta. A ƙasa sunayen kansiloli goma sha biyu, kowanne da sa hannu kamar tafiyar tsutsa. Ta juya bayan takardar, fari fat. Ta ji tana ƙyamar ko riƙe takardar.

Ta gyara murya irin ta aji, ta karanta da Turanci, sannan ta fassara: "Za a san wannan doka da sunan Dokar Boyet."

Consorcia ta lumshe ido. Can ta ce a nuna mata wurin da yatsa. Ba ta iya Turanci ba, amma ta san kamannin sunan ɗanta, ita da ta ɗinka shi a kan kowace rigarsa ta makaranta.

Teofila ta ce tabarau ta manta, ta wuce gidanta da takardar. A aljihun teburi ta samo tsohon jan bironta na duba jarrabawa, ta ja layi a kan lambar, ta rubuta sunan a sama da manyan baƙaƙe. Harafin ƙarshe ya karkace.

Consorcia ta daɗe tana kallon wurin.

"Da jan biro suka rubuta?"

"Haka ake yi wa manyan sunaye."

"Rubutun nasu kamar naki, Mare," in ji ta, bakinta ya ɗan motsa. Ta ɗora babban yatsa a kan sunan. Kafin rana ta yi tsaka ta cika.

Ranar zaman makoki kansila ya aiko da furanni, sunansa a jikin ƙyallen da aka ɗaure su da shi ya fi na mamaciyar girma. Teofila ta juya su suka fuskanci bango. Sannan ta ninke takardar gida huɗu, jan rubutun a sama, ta cusa ta ƙarƙashin hannuwan Consorcia a cikin akwatin gawa, kusa da carbinta.